Satar Abin Hawa da Neman Diyyar Inshora a Ƙasar Funtuwa da Malumfashi

Gabatarwa

Duk wanda ya tsaya a bakin hanyar da ta tashi daga Funtuwa ta ratsa Bakori ta nufi Malumfashi a cikin watannin kaka, ba sai an gaya masa abin da mutanen wannan yanki suka dogara a kai ba. Manyan motoci ne ke wucewa shaƙe da masara da dawa da waken suya, a bayansu ga Kanta da a-kori-kura, ga kuma babura ɗauke da buhu bibbiyu suna fitowa daga ƙauyuka. A da can jirgin ƙasa ne ke kwashe audugar da aka gurza a Funtuwa, tun sa'ad da aka shimfiɗa reshen dogo daga Zariya zuwa Ƙauran Namoda a ƙarshen shekarun 1920. Amma daga shekarun 1970, musamman bayan kafa shirin bunƙasa aikin gona na Funtuwa a 1975 da tallafin Bankin Duniya, wanda ya buɗe hanyoyin karkara ya kuma yaɗa noman masara da takin zamani, sai nauyin amfanin gona ya koma kan taya. Saboda haka a wannan ƙasa abin hawa jari ne, kamar yadda shanun huɗa suke jari. Akwai magidanta da yawa da suka sayar da amfanin shekara guda, wasu ma har da yankin gona, suka sayi mota ko babur domin ya riƙa ciyar da gida da rani.

Manufar wannan maƙala ita ce ta bayyana abin da ke faruwa da irin wannan jari ranar da ɓarawo ya ɗauke shi. A idon mai shi, mota da lambarta da takardunta duk abu ɗaya ne, tun da a rana ɗaya ya biya kuɗinsu ya kawo su gida. A idon doka kuwa abubuwa uku ne dabam-dabam, kowanne da sunan da yake amsawa. Ƙarfen na wanda ya saya ne. Lambar tana amsa sunan wanda aka yi wa rajista. Takardar inshora kuma alkawari ce tsakanin kamfani da mutumin da aka rubuta sunansa a kanta, a kan abin da aka rubuta kaɗai. Muddin mota tana tafiya lafiya, ba wanda ke damuwa ko sunayen nan uku sun dace da juna. Ranar sata ake buɗe su gaba ɗaya, a nan ne kuma mutane da yawa kan tarar da cewa su baƙi ne a cikin takardun abin da suka saya da guminsu.

Lamba: abin da take faɗa da wanda take amsawa

Bari mu fara da lamba, domin ita ce kowa ke gani. Irin lambar da ake amfani da ita a Nijeriya ta samo asali ne a 1992, 'yan shekaru bayan kafa Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, watau FRSC, a 1988. A 2011 aka sabunta fasalinta, aka sa taswirar Nijeriya a tsakiya, aka kuma dawo da haruffa uku na ƙaramar hukuma daga ƙarshe zuwa farko. Waɗannan haruffa su ne ke nuna inda aka yi rajista: FTA Funtuwa ke nan, MNF Malumfashi, KTN kuma Katsina. Launin rubutun ma yana da magana a bakinsa. Shuɗi na motar gida ne, ja na motar haya, kore kuwa na gwamnati. Ya kamata mai karatu ya riƙe wannan bambanci na shuɗi da ja, domin zai sake tasowa in mun zo kan diyya.

Haruffan nan ba su faɗin inda mai mota yake zaune. Wanda ya zagaya tashar Funtuwa zai ga lambobin Legas da Abuja da Kano da Kaduna fiye da yadda zai yi tsammani, don kuwa yawancin motocin yankin na hannu ne, sun bi ta hannun mutum biyu ko uku kafin su iso, kuma kowa ya bar lambar yadda ya same ta. Wasu ma da gangan suke neman lambar Abuja, wai ta fi kwarjini a shingen bincike.

To, ta wa ce lambar? Hukuma ce ke buga ta, ofishin rajistar motoci da ke ƙarƙashin hukumar tara kuɗin shiga ta jiha ne kuma ke ba da ita. Babban abin da gyaran 2011 ya kawo shi ne ɗaure kowace lamba da abu biyu a cikin kundin kwamfuta na ƙasa: sunan mai mota da adireshinsa, da kuma lambar shasi ta motar da aka ba ta. Ke nan ba kaya ba ce da mutum zai kwance daga tsohuwar motarsa ya ɗaura wa sabuwa don ya ga ya biya kuɗinta. Yin haka laifi ne, ko da motocin biyu duk nasa ne. Haka kuma ba ta bin mota zuwa hannun mai saye haka siddan kamar yadda taya da madubi suke bi. Dokokin amfani da hanya na ƙasa na 2012 sun tanadi cewa in mota ta canja hannu, a sanar da ofishin rajista cikin kwana 30, a cike takardar canjin mallaka. Jami'an FRSC sun sha jan kunnen jama'a cewa wanda ya sayar da mota ya bar lambarsa a jiki ba tare da an canja suna ba, duk abin da aka aikata da motar nan gaba ƙofar gidansa za a fara ƙwanƙwasawa.

Ciniki a kan amana

A nan ne al'adarmu ta ciniki da tsarin hukuma suka saɓa. Bahaushe ya daɗe da nasa tsarin na tsare mai saye daga kayan sata. A kara, dillali ne shaida. Shi ya san wanda ya kawo sa, shi ya karɓi la'ada, kuma in cigiya ta biyo baya shi za a riƙe ya fito da mai kayan. Wannan tsari yana aiki ƙwarai a inda kowa ya san kowa, kuma shi aka ɗauko aka ɗora a kan cinikin mota da babur. Ana taruwa a gaban dillali da shaidu biyu, a yi sallama, a ƙirga kuɗi ko a tura ta waya, a miƙa mabuɗi da jakar takardu. In an tsananta a rubuta yarjejeniya a fallen takarda. Kowa ya watse yana murna.

Abin da aka manta shi ne, sa ba shi da kundi a Abuja, mota kuwa tana da shi. Mu ɗauka, alal misali, wani manomi a ƙasar Ƙafur ya sayi a-kori-kura a hannun wani ɗan kasuwa na Funtuwa, shi kuma ɗan kasuwar a Kaduna ya saye ta, lambarta kuwa ta Legas ce da sunan wanda ya fara fito da ita daga tashar jiragen ruwa. Manomin nan zai iya shekara biyar yana sabunta lasin da inshora da sunan mutumin da bai taɓa gani ba, domin mai yi masa takardun kwafar abin da ke tsohuwar takarda kawai yake yi. Ba wanda zai tsare shi a hanya saboda haka, tun da takardun ba su ƙare ba. Amma ranar da aka sace motar ya je caji ofis, tambayar farko ita ce ya nuna shaidar mallaka. Sai ya fito da takardun da ke cewa motar ta wani ce. Daga nan fa sai neman dillali, da neman ɗan kasuwar Funtuwa, da takardar rantsuwa daga kotu, alhali ɓarawo yana can yana cin nisa.

Wani abin kuma da ke ƙara dagula lamari shi ne ɗabi'ar ajiye ainihin takardu a cikin aljihun mota. Dalilin a fili yake, don a nuna wa jami'ai a hanya. Sai dai wanda ya yi haka ya haɗa wa ɓarawo mota da shaidarta, shi kuma ya koma gida hannu rabbana.

Inda abin sata ke zuwa

Sata iri biyu ce a wurin doka. Akwai ɗauke abu a ɓoye, kamar babur ɗin da aka bari a ƙofar masallaci ranar Juma'a ko a gefen kasuwar Ɗandume. Akwai kuma fashi, watau ƙwace da makami ko barazana, wanda tun dokar soja ta 1970 aka tsananta hukuncinsa har ya kai ga kisa. A wannan yanki babur ya fi shiga hatsari, saboda sauƙin turawa da sauƙin ɓoyewa, kuma tun da matsalar 'yan bindigar daji ta yi ƙamari ya sami kasuwar da ba ta tambayar takarda, har ta kai ana neman sababbin babura a cikin kuɗin fansa. Gwamnatin Jihar Katsina ta nuna ta gane haka a cikin dokar tsaro da Gwamna Aminu Bello Masari ya sa wa hannu a ƙarshen watan Agusta na 2021. Ban da rufe hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme ga motocin haya da hana sayar da fetur a jarka, dokar ta hana cinikin babura na hannu a kasuwar Caranci baki ɗaya.

Abin da aka sace yakan bi ɗaya daga hanyoyi kaɗan. Wani a wargaza shi cikin dare, inji ya yi gabas, ƙofofi su yi yamma, su ɓace a cikin kasuwar kayan gyara. Wannan sai dai haƙuri. Wani a tsallaka da shi iyaka ta ɓarauniyar hanya zuwa ƙasar Nijar. Wani kuma a sāke masa fenti da lamba a sayar da shi a wata jiha. Na ƙarshen nan ne kaɗai ake da kyakkyawan zaton ganowa, kuma abin da ke tona shi shi ne lambar shasi. Lambar waje dai kusoshi biyu ne ke riƙe da ita. Ta shasi kuwa a jikin ƙarfe aka buga ta tun daga masana'anta, kuma tun 1981 manyan masu ƙera motoci suka daidaita ta a kan haruffa da alƙaluma 17, ba kuma mota biyu da ke tarayya a guda. Ɓarayi sukan goge ta su buga wata, amma idon bakanike mai lura yakan ga alamar gurza ko walda a wurin. Don haka mai sayen mota ta hannu, kafin ya duba ƙarar inji, ya kamata ya gwada lambar da ke jikin ƙarfe da wadda ke takardar kwastan da ta shaidar mallaka, harafi bayan harafi, sa'an nan ya bincika lambar waje a shafin intanet na FRSC ya ga ko irin motar da kundi ya ambata ita ce a gabansa. 'Yan sanda ma suna da nasu kundin rajistar motoci inda ake shigar da rahoton sata. A watan Yuli na 2024 rundunar ta ba da sanarwar tilasta wa masu motoci shiga sabon tsarinsa na kwamfuta, sa'an nan ta dakatar da tilastawar bayan ƙorafin jama'a.

Shi kuwa wanda aka kama abin sata a hannunsa, ko da bai sani ba, asara ta hau kansa. Ƙa'idar ita ce mutum ba ya sayar da abin da bai mallaka ba. Malaman fiƙihun Malikiyya sun tattauna wannan a babin istihƙaƙi: mai abu in ya kawo hujja yakan karɓi abinsa, mai saye kuma ya koma kan wanda ya sayar masa ya nemi kuɗinsa. In kuma ya sani, ko akwai dalilin da ya isa ya sa shi zargi, to ya faɗa laifin karɓar kayan sata, wanda dokar Penal Code ta Arewa ta tanadar wa hukunci tun 1960. Araha mai yawa tana cikin abubuwan da mai bincike ke dubawa. Wanda aka yi wa tayin babur sabo ful a rabin kuɗinsa, ba rasit, ya san banza ba ta kai zomo kasuwa.

Takardar da ba ta biyan sata

Yanzu sai inshora, inda rashin fahimta ya fi yawa. Sau da yawa akan ji wanda aka yi wa sata yana cewa ai motarsa tana da inshora, ya kuma fito da takarda mai hatimi. Kusan kullum takardar nan ta inshorar mutum na uku ce. Ma'anar sunan ita ce, mai mota shi ne na farko, kamfani na biyu, na ukun kuwa shi ne duk wanda motar ta yi wa ɓarna: mai tafiya a ƙasa da aka buge, ko mai shagon da aka rusa wa bango. Dokar da ta wajabta ta tun zamanin Turawa ce, an yi ta a 1945 ta fara aiki a 1950, kuma an yi ta ne domin kare jama'a daga mai mota. Ba ta taɓa alkawarin biyan mai mota ko kwabo a kan motarsa ba, ko ta ƙone, ko ta faɗi, ko an sace ta.

Hukumar kula da harkokin inshora ta ƙasa, watau NAICOM, wadda aka kafa a 1997, ita ke yanke farashin wannan inshora. Daga 1 ga Janairu 2023 ta ɗaga na motar gida daga N5,000 zuwa N15,000 a shekara, ta kuma ɗaga iyakar diyyar ɓarnar dukiya daga Naira miliyan 1 zuwa miliyan 3. Ta yanka wa babbar motar ɗaukar kaya N100,000, mai ƙafa uku N5,000, babur kuwa N3,000. Daga 1 ga Fabrairu 2025 'yan sanda suka fara tsananta binciken wannan takarda a kan hanyoyi, kuma a cikin shekarar aka sa hannu a kan sabuwar dokar inshora da ta maye gurbin ta 2003 ta kuma haɗiye tsohuwar dokar motoci. Duk wannan bai canja asalin maganar ba. Takardar da aka yanka don a wuce shinge, aikinta yana kan wanda aka buge. Wani abin takaici ma shi ne, da yawa daga cikin takardun da 'yan kamasho ke haɗa wa mutane tare da lasin na jabu ne, ba kamfanin da ya san da zamansu. Ƙungiyar kamfanonin inshora ta Nijeriya tana da kundi da ake kira NIID, inda mutum zai sa lambar motarsa ya ga ko takardarsa tana ciki.

Wanda ke son a biya shi ranar sata, sai ya yanki ɗaya daga cikin biyu: inshorar mutum na uku da aka ƙara wa gobara da sata, ko kuwa cikakkiyar inshora wadda ta haɗa har da haɗari. A sanarwar da ta fara aiki a 2023, NAICOM ta ce kuɗin cikakkiyar kada ya gaza kashi 5 cikin ɗari na darajar motar. Ke nan motar Naira miliyan 6 za ta ci N300,000 a shekara. Ga manomin da ke lissafin buhunan taki, kuɗi ne masu nauyi, kuma ba za a zarge shi da wauta ba in ya ga ya fi masa ya sayi ƙwado da sarƙa. Abin da bai kamata ba shi ne ya biya N15,000 yana zaton ya sayi abin N300,000.

Akwai kuma masu gudun inshora saboda addini, domin malamai da yawa suna ganin akwai garari da riba a cikin tsarinta na asali. Domin irinsu ne aka fito da takaful, wanda aka fara a Sudan a 1979, inda mahalarta ke zuba gudummawa a asusu ɗaya a biya wanda tsautsayi ya faɗa wa, in an sami rara kuma a raba. NAICOM ta fitar da ƙa'idojinsa a 2013, kuma a 2016 ta ba kamfanonin farko da suka keɓanta da shi lasisi. Sai dai sharuɗɗan biyan diyyar sata a takaful kusan ɗaya suke da na sauran kamfanoni, don haka abin da za a faɗa a ƙasa ya shafe su duka.

Neman diyya

Mu ɗauka mutum yana da cikakkiyar inshora ta gaske, an kuma sace motarsa. Abin da ake bukata gare shi da farko shi ne gaggawa: ya kai rahoto caji ofis mafi kusa a ranar, ya karɓi takardar shaidar rahoton, ya kuma sanar da kamfani a rubuce cikin kwanakin da takardarsa ta ƙayyade. Al'adarmu ta fara cigiya a tasha da wurin 'yan banga da masu duba, a bar hukuma sai an gaji, tana iya cinye waɗannan kwanaki. Daga nan kamfani zai nemi ainihin takardun mota, da rasit ɗin saye, da takardar kwastan, da mabuɗai duka har da na ajiya, da rahoton ƙarshe na 'yan sanda da ke cewa an nema ba a samu ba. Ba a biya nan take. Akan jira wani lokaci ko motar za ta ɓulla, kamfani kuma ya tura nasa mai bincike.

Mai binciken nan abu na farko da zai duba shi ne suna. Ƙa'idar inshora ita ce ba a biyan mutum sai a kan abin da asararsa ta shafe shi, kuma alkawarin na mutum ne, ba ya bin mota in an sayar. Manominmu na Ƙafur, wanda ya yi shekaru yana biya da sunan mutumin Legas, zai tarar da ƙofa a rufe ta fuska biyu. Shi ba ya cikin alkawarin, mutumin Legas kuwa ba abin da ya yi asara tun da ya daɗe da sayarwa. Haka ma wanda ya karɓi mota ko mai ƙafa uku bisa sharaɗin biya kaɗan-kaɗan: kafin ya gama biya, ya kamata sunan mai jari da nasa su bayyana a takarda, in ba haka ba ranar sata rigima za ta koma tsakaninsu, wannan yana neman cikon kuɗinsa, wancan yana kukan abin da ya riga ya zuba.

Sa'an nan a duba aikin da motar ke yi. Nan maganar shuɗi da ja ta dawo. A ƙasar Funtuwa da Malumfashi ƙaramar mota mai lambar gida takan koma ta haya ranar kasuwa, a-kori-kurar gona kuma takan ɗauki kayan wasu a biya. In an gaya wa kamfani motar gida ce, aka kuma sace ta tana lodin fasinja a tasha, kamfani yana da hujjar ƙin biya, domin an ɓoye masa abin da da ya sani da ya yanka wani farashi. Haka nan akwai sharaɗin kula. Wanda ya bar mabuɗi a jiki ya tsallaka sayen goro, ya ba kamfani abin faɗa, wannan ne ma dalilin neman a kawo mabuɗai duka.

Akwai wurare biyu da nake ganin sun fi shafar wannan yanki, kuma ba kasafai wakilan kamfani ke bayyana su ba sai an tambaya. Ɗaya shi ne direba. Yawancin masu motocin haya ba su ke tuƙi ba, direba suke ba ya riƙa kawo balas. In direban ya gudu da mota, a wurin mai ita sata ce tsagwaronta. Amma a doka wanda aka miƙa wa abu da hannu ya ci, laifinsa cin amana ne, kuma takardun kamfanoni da yawa sun fitar da wannan daga abin da suke biya. Ɗayan kuma ya fi wannan sarƙaƙiya. Kusan kowace takardar inshorar mota tana cire asarar da yaƙi ko tarzoma ko ta'addanci ya jawo, sai in an ƙara kuɗi an saye wannan kariya daban. Fashi a kan hanya kuwa yana cikin abin da cikakkiyar inshora ke ɗauka. To, motar da 'yan bindiga suka tare tsakanin Funtuwa da Gusau, a wane babi take? A watan Nuwamba na 2021 Babbar Kotun Tarayya a Abuja ta ayyana ƙungiyoyin 'yan bindigar daji a matsayin 'yan ta'adda, gwamnati kuma ta buga hukuncin a jaridarta ta hukuma a Janairun 2022. Wannan ƙofa ce ta gardama, kuma a ra'ayina duk mai motar da ke bin hanyoyin Faskari da Sabuwa da Ƙanƙara ya kamata ya sa kamfani ya rubuta masa amsar wannan tambaya tun kafin ya biya, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Ya kuma sani cewa buhunan da ke bayan mota ba su cikin inshorar mota. Kaya a kan hanya suna da tasu takardar, alhali sau da yawa lodin masarar da ke kan tsohuwar tirela ya kusa kuɗin tirelar.

In an tsallake duk waɗannan, nawa za a biya? Inshora mayar da mutum take yi inda yake kafin asara, ba ta ba shi riba. Kamfani zai dubi darajar motar a kasuwa ranar da aka sace ta da kuma adadin da aka rubuta a takarda, ya biya wanda ya fi ƙanƙanta, bayan ya cire wani kaso da aka amince tun farko mai mota zai ɗauka da kansa. Tun da darajar Naira ta faɗi a 2023 farashin motoci ya yi tashin gwauron zabo, saboda haka wanda ya bar tsohon adadi a takardarsa don ya rage kuɗin shekara, abin da zai karɓa ba zai saya masa irin motarsa ba. Wanda kuma yake ganin an zalunce shi yana iya kai ƙara sashen sauraron koke na NAICOM kafin ya nufi kotu.

Da zarar an biya, mallakar motar ta koma hannun kamfani. In bayan wata shida 'yan sanda suka gano ta a wata jiha, ta kamfani ce, sai dai in tsohon mai ita ya mayar da kuɗin da ya karɓa suka daidaita. Wanda ya karɓi diyya ya kuma je a ɓoye ya karɓo mota, ya shiga laifin zamba. Ita kuwa lamba, tana nan da sunansa a kundi har sai ya sanar da ofishin rajista a rubuce, ya haɗa da takardar 'yan sanda. In bai yi ba, ɓarayi suna iya ɗaura ta a wata motar su yi aika-aika, bincike kuma ya biyo adireshinsa.

Duk bayanin nan na sama ya fi shafar masu mota. Mai babur, wanda shi ne ya fi yawa kuma ya fi shan sata, galibi ba shi da inshorar sata, sau da yawa ma ko lamba bai yanka ba, yana ganin tsakanin gona da kasuwar ƙauye ba mai tambayarsa. Abin da ya rage masa shi ne rasit ɗin dila, wanda ke ɗauke da lambar inji da ta shasi. Lokaci-lokaci 'yan sanda sukan kama gungun ɓarayi su baje baburan da aka ƙwato, su yi kira ga masu su su zo da shaida. Mutum zai zo ya gane nasa sarai, ya nuna inda tanki ya loɓa da irin ɗinkin da ya yi wa sirdi, amma jami'i lambar inji zai tambaye shi. In rasit ya ɓace, ko kuwa tun farko a hannu ya saya ba a ba shi ba, babur ɗin yakan ci gaba da zama a harabar caji ofis, rana da ruwa suna dukansa, har ranar da kotu ta ba da izinin a yi gwanjonsa.